Uwargida, Kada Ki Sayar Da Tsohon Keken Ɗinkin Nan

Yau hirar tamu a kan wani tsohon ƙarfe ce wanda da yawa daga cikinmu muka buɗe ido muka gan shi a ɗakin iyayenmu ko kakanninmu, watau baƙin keken ɗinkin nan mai zanen ruwan zinariya a jiki, ko na hannu ko na ƙafa.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya na je gidan wata goggona da Allah ya yi wa rasuwa, ana kwashe kayan ɗakinta bayan arba'in. Ina shiga zaure sai na tarar wani ɗan gwangwan ya rataye kan kekenta a sikeli yana aunawa, samarin gidan kuwa suna tsaye suna jiran kuɗi. Da na tambayi nawa ya taya, sai aka faɗa mini abin da ba zai sayi kwanon shinkafa biyu ba. Alhali kuwa da keken nan goggo ta riƙe marayu biyar bayan rasuwar mijinta, ta biya musu kuɗin makaranta, ta yi wa uku daga cikinsu kayan ɗaki.

Samarin suka ce mini, "Ai Anti, ya mutu, shekara goma ke nan ko juyawa ba ya yi." Na ce su sauke shi, na nemi izinin sauran magada, na saya da daraja. Kashegari na sa aka kai shi wurin wani dattijo mai gyaran kekuna a kasuwa. Ya jiƙa gaɓoɓinsa da kananzir, ya share, ya ɗiga mai, ya sa sabon bel da sabuwar allura. Kafin la'asar keken da aka ce ya mutu yana ɗinka atamfa ninki huɗu. Yanzu haka yana hannun wata jikar marigayiyar mai shekara 14, ta fara kama gefen zani da kanta.

To, 'yan'uwa, na tabbata akwai irin wannan keke a gidaje da dama, an tura shi lungu an ɗora masa kwanuka ko tsummokara. Kafin mai gwangwan ya yi sallama a ƙofarki, ki saurari tarihinsa da amfaninsa.

Daga ina ya fito?

Wani Ba'amurke mai suna Elias Howe shi ne a 1846 ya sami takardar mallakar fasahar ɗinki da zare biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, da allura mai kafa a tsini. A 1851 Isaac Singer, shi ma Ba'amurke, ya fito da nasa keken wanda ya fi sauƙin aiki, allurarsa tana hawa da sauka a tsaye, da ƙafa mai danne yadi. Howe ya kai shi ƙara cewa ya taɓa masa fasaha, kuma a 1854 shari'a ta ba Howe gaskiya, Singer ya biya shi dala 15,000.

A lokacin keke ɗaya ya haura dala 100, kuɗin da talaka zai yi watanni bai tara ba. Sai abokin kasuwancin Singer, wani lauya mai suna Edward Clark, ya kawo dabara a 1856: mace ta ba da dala 5 ta ɗauki keke, sauran ta riƙa biya wata-wata daga abin da take samu na ɗinki. Wannan dabara ta biya kaɗan-kaɗan ita ce ta shigar da keken ɗinki ɗakunan mata a duniya.

Yawancin tsofaffin kekunan Singer da suka zo ƙasarmu a ƙasar Sikotlan aka ƙera su, domin a wancan zamani kayanmu ta hannun Turawan Ingila suke zuwa. Kamfanin ya fara ƙira a birnin Gilasgo a 1867, sa'an nan wajen 1885 ya koma wata ƙatuwar masana'anta a Kilbowie da ke garin Clydebank. A 1913 kaɗai ma'aikata wajen 14,000 sun ƙera kekuna fiye da miliyan 1 da dubu 300 a wurin.

Akwai mata da yawa cikin waɗannan ma'aikata, kuma suna da labarin da ya kamata mu sani. A watan Maris na 1911 waɗansu mata 12 masu goge katakon tebur suka ajiye aiki, saboda an ƙara musu aiki an kuma rage musu lada. Cikin kwana biyu ma'aikata wajen 10,000 suka bi bayansu. Yajin ya yi mako uku bai yi nasara ba, har aka kori mutum wajen 400. Saboda haka in kin shafa teburin tsohon kekenki, ki tuna hannun mata 'yan'uwanki ne ya goge shi. An rufe masana'antar a 1980, amma har yau akwai tashar jirgin ƙasa a garin da ake kira Singer.

Yadda ya shigo ɗakunanmu

A ƙasar Hausa ta dā, ɗinki sana'ar maza ce. Su ke zama a zaure ko a rumfar kasuwa da allura suna haɗa riga da wando, suna yi musu aiki. Mu mata namu shi ne gurzar auduga da shiɓa da kaɗi. Da mazari kakanninmu suke samun na goro da na zubin adashi da na gudummawar biki, ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka yawaita, kayan ƙasashen waje suka riƙa shigowa, har da keken ɗinki. Teloli maza ne suka fara kama shi. Ana nan zaren kanti da yadin kanti suka cika kasuwa, aka kuma buɗe masaƙar zamani ta Kaduna a 1957, sai kasuwar zaren hannu ta yi ta ja da baya, mazari ya koma cikin lefe. A wannan gurbi ne keken ɗinki ya shiga. Matar da take cikin kulle ta sami sana'ar da za ta yi daga ɗakinta, yara su kawo mata yadi su karɓi ɗinki, kuɗinta kuma nata ne, kamar yadda shari'a ta tabbatar mata.

Manyanmu za su tuna shekarar 1975 da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Gidaje da yawa a lokacin ne rediyo da babur da keken ɗinki suka shiga. Ya zama keke yana cikin abin da iyaye masu hali suke haɗa wa 'yarsu, a jera shi kusa da gado mai rumfa da kwalla da tasoshi. Mutanen ƙasar Sin ma haka suka yi a shekarun 1960 da 1970, domin abu huɗu ake so a gani a gidan amarya: agogon hannu, da keken hawa, da keken ɗinki, da rediyo.

Daga can ƙasar Sin ɗin, daga birnin Shanghai, keken Butterfly ya zo mana, kuma da yake ya fi araha sai ya bazu ko'ina. In kika dube shi da kyau za ki ga kamar an tsaga kara da wani samfurin Singer da ake kira lamba 15, wanda asalinsa ya koma 1879. A kan tsarinsa aka ƙera Butterfly da kekunan Japan masu yawa na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan kuwa alheri ne gare mu, domin allura da kwarkwaro da bel da ake sayarwa yau a kasuwa galibi suna shiga tsohon keken da ya shekara 70 ko 80.

Me ya sa ba ya mutuwa?

Gangar jikinsa ƙarfe ne da aka narka aka zuba, kayan cikinsa kuma duk ƙarfe ne mai ƙarfi. Babu roba a ciki da za ta tsage in ta tsufa, babu waya da za ta ƙone. Kowane sashe da sukuru aka ɗaure shi, ana iya kwancewa a wanke a mayar. Masu ƙirarsa sun san za a kai shi ƙauyukan da babu makaniki, don haka suka yi shi yadda mai shi za ta iya kula da abinta da sukundireba da 'yar kwalbar mai.

Sa'an nan ba ya neman lantarki. Ana saura kwana uku Salla, in an ɗauke wuta, mai keken lantarki sai ta nemi man janareta, kuma kowa ya san yadda kuɗin fetur ya tashi tun daga 2023. Mai keken ƙafa kuwa sai ta jawo shi bakin taga ta ci gaba da aikinta.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Tsohon keke miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Ba ya yin zigzag, ba ya ɗaure bakin yadi irin na injin telolin zamani, ba ya yin aikin wuya, waɗansu ma ba su da komawa baya, sai dai ki juya yadin. Ga shi da nauyi. Duk da haka, riga da zani da siket da kayan makaranta da zanen gado da labule da faci, duk miƙaƙƙen ɗinki ne ginshiƙinsu, kuma a nan ɗinkinsa yana fita sumul, ya daɗe bai warware ba.

Ku 'yan makaranta, ga yadda yake aiki. Allura tana huda yadi ta sauka da zaren sama. Da ta fara komawa, zaren sai ya yi ɗan lanƙwasa a ƙasa. Nan take wani ƙugiya da ke ƙarƙashi ya cafke shi, ya zagaya da shi bayan kwarkwaron da ke ɗauke da zaren ƙasa, zaren biyu su sarƙe a tsakiyar yadi. Sa'an nan haƙoran nan da ke ƙarƙashin allura su tura yadin gaba kaɗan, a sake. Duk juyi ɗaya na wili, ɗinki ɗaya ke nan.

Yadda za ki san shekarunsa

In Singer ne, dubi shimfiɗar keken ta gefen dama, a gaba, za ki ga lamba an buga ta a jikin ƙarfe. In ta fara da harafin Y, a Clydebank aka ƙera shi tsakanin 1923 da 1935. In ta fara da haruffa biyu masu E a gaba, kamar EA ko EF, shi ma na can ne, daga 1935 zuwa sama. In haruffa biyu ne masu A a gaba, na Amurka ne. Harafin K da ke bin lambar samfuri, kamar 15K, yana nufin Kilbowie. In kuma kika ga tambarin jikinsa yana ɗauke da 1851 da 1951, to na lokacin bikin cikar kamfanin shekara 100 ne. Kamfanin ya ajiye lissafin lambobinsa, yaronki zai iya duba miki shekarar a intanet ta wayarsa.

Wadda kuma za ta sayi na hannu, kada suna ya ruɗe ta, domin ana manna suna a jikin kowane keke. Ki juya wili ki ji ko yana tafiya sumul. Ki kama sandar allura ki girgiza, in tana rawa sosai ya ci. Ki duba ko akwai tsaga a gangar jiki, domin irin ƙarfen nan in ya tsage da wuya ya ɗinku. Kuma ki tafi da ƙyallenki, ki ɗinka falle ɗaya, ki ninka huɗu ki sake ɗinkawa, ki duba sama da ƙasa kafin ki ba da kuɗi.

Kula da shi

Abu na farko mai. Man keke kawai za ki sa, farin nan mai ruwa-ruwa. Kada ki kuskura ki sa man gyaɗa ko man ja ko baƙin man mota. Man girki yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, kuma shi ne ya kashe kekuna da yawa da ake cewa sun mutu. Ɗigo ɗaya a kowane rami ya isa, sa'an nan ki kwantar da kan keken baya ki ɗiga a gaɓoɓin ƙasa. Mai ɗinki kullum ta sa mai sau ɗaya ko biyu a mako. Bayan kin sa, ki fara ɗinka tsumma don kada ki ɓata shaddar mutane.

Na biyu ƙura. Ki riƙa cire farantin da ke ƙarƙashin allura kina share gashin yadi da ya taru tsakanin haƙora da wajen kwarkwaro, tsohon burushin haƙori ya isa. Lokacin hunturu kada ki bar shi a buɗe, ki ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Da damina kuma ki nisanta shi da bango mai danshi da inda ɗaki yake yoyo, saboda tsatsa.

Na uku, kada ki wanke jikinsa da ruwa da sabulun gari, kada kuma ki kankare shi da toka ko soson ƙarfe kamar tukunya. Zanen zinariyar nan zai goge. Ki ɗiga man keke a auduga ki shafa a hankali.

In ya daɗe a ajiye ya cije, ki ɗiga kananzir a ramukan mai da gaɓoɓi, ki bar shi ya kwana, ki riƙa motsa wili kaɗan-kaɗan ba da ƙarfi ba. In ya saki, ki goge kananzirin tas, ki bi da mai. Ki yi wannan aiki a tsakar gida, nesa da murhu da yara.

In ya fara gardama

Kafin ki aika a kira mai gyara, ki duba waɗannan. In zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, galibi laifin zaren sama ne: ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ki zare shi duka ki sake saƙalawa daga farko. In yana tsallake ɗinki, allura ce ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye. Allura tana da gefe ɗaya shafaffe a sama. A Butterfly da yawancin masu kama da shi, shafaffen gefen yana duban dama, zare kuma ya shiga daga hagu, amma akwai samfurin da yake akasin haka, saboda haka ki lura da yadda tsohuwar take kafin ki cire ta.

In zaren sama yana yawan tsinkewa, ki sassauta maɗaurin zare kaɗan, ki kuma duba ko zaren ne ya tsufa ya ruɓe. In allura tana karyewa, wataƙila kina jan yadi ne da hannu. Ki bar haƙora su ja, ke dai ki daidaita masa hanya. Allura lamba 14 ta dace da atamfa da shadda, 16 ko 18 ga kaki da yadi mai kauri, 11 ga mai laushi. In bel ya saki yana zamewa, ki buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinsa, ki yanke ɗan kaɗan, ki huda ki mayar. Kullum kuma wajenki za ki juyo wili, in kika juya shi baya zare zai sarƙe.

In za ki sayi gidan kwarkwaro ko wani ƙarfe, ki ba da tsohon a tafi da shi kasuwa a gwada, domin waɗansu suna kama amma ba ɗaya ba ne. Kuma ki riƙa cire bel ko ki rufe keken in kin tashi, don yara suna son wasa da feda, allura kuwa ba ta san yatsan yaro ba.

Gare ku 'yan makaranta

'Ya'yana, karatu shi ne gaba, kada wadda ta ce na ce a ajiye littafi. Amma hutun ƙarshen zango ya isa yarinya ta koyi taka keke. Ki fara ba zare ba allura, ki yi ta taka feda har ƙafarki ta saba, wili ya daina komawa baya. Sa'an nan ki sa allura ba zare, ki ɗauki tsohuwar takardar littafin rubutu ki riƙa bin layukanta. In ramukan suka miƙe, ki sa zare ki fara da gefen ɗankwali, sai rigar matashi, sai siket ɗin ƙanwarki. Yarinyar da take iya gyara kayan makarantarta da suka yage ta rage wa iyayenta nauyi, kuma duk gidan da ta je da abin hannunta za ta je. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ku kuma iyaye mata, in kuna da keke a ajiye kuma ido ko ƙafa sun gaza, kada ku bari sai bayan ranku a auna shi a sikeli. Ku fito da shi tun yanzu, ku zaunar da 'ya ko jika ko 'yar maƙwabta ku nuna mata. In babu mai so a gidan, akwai zawarawa da marayu a unguwa waɗanda keken nan zai zame musu abinci, ku ba su aro ko ku sayar musu da sauƙi su riƙa biya kaɗan-kaɗan. In an zo rabon gado kuma, a kira tela ko mai gyara ya yi masa kuɗi a matsayin keke mai aiki, don kada a cuci magada.

Haka nan sauran tsofaffin kayan aikinmu, irin su injin taliya na murzawa, da dutsen guga na gawayi, da injin niƙan hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur. A duba su tukuna kafin a ce sun mutu, sau da yawa wanki da mai kawai suke nema.

Wadda take da tsohon keke a ɗakinta, ta duba lambarsa ta rubuto mana, tare da labarin yadda ya shigo gidansu da abin da aka yi da shi. Za mu riƙa bugawa a wannan fili in Allah ya yarda. Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riƙe mu da guminsu, ya sa albarka a sana'armu.